Ko zaman sauraron tsofaffin waƙoƙi zai taimaki mahaifina?

Tambaya: Likita, Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shekararsa 74. Tun da Mama ta rasu ba ya fita sai masallaci. Abokan majalisarsa wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun ɗauke su zuwa wasu garuruwa. Yanzu wani tsohon abokin aikinsa yana ta jan sa zuwa wani zaure inda dattawa ke taruwa duk Asabar su saurari tsofaffin kaset. Yayana ya ce ɓata lokaci ne, gara mu tura masa waƙoƙin a waya ya riƙa ji a ɗaki. Ni dai 'yarsa ce, na rasa wanda zan bi.

Amsa: Allah ya jiƙan Mama, ya ƙara wa Baba lafiya. 'Yar'uwa, ki bar shi ya je, in da hali ma ki biya masa kuɗin Keke Napep. Yayanki na da kyakkyawar niyya, amma shawararsa za ta ƙara rufe Baba a ɗaki ne. Abin da ya rasa mutane ne, waƙa kuwa ko a rediyo yana samu.

Kaɗaici ba ƙaramin abu ba ne ga lafiya. A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta a Amurka sun haɗa sakamakon bincike 148 da ya shafi mutum sama da 300,000, suka ga masu ƙarfin zumunci sun fi waɗanda ba su da shi damar ci gaba da rayuwa da kusan kashi 50 cikin 100. Rahoton kwamitin mujallar likitanci ta Lancet na 2020 ya sa keɓewa daga jama'a cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa. Birtaniya har minista ta naɗa kan kaɗaici a 2018.

Matsalar maza ta daban ce. Yawancin abokan namiji na wurin aiki ne ko kasuwa, zumuncin dangi kuma, suna da biki da gaishe-gaishe, sau da yawa matar ce ke riƙe da shi. Aiki ya ƙare, mata ta rasu, sai a wayi gari ƙofofi biyu sun rufe. Kuma dattijo irin Baba ba zai taɓa buɗe baki ya ce kewa na damunsa ba. Ki tambaye shi, "lafiya lau, alhamdu lillahi" za ki ji. In kika ce za ki kai shi taron masu damuwa, kin ɓata. Amma a ce masa "zo ka ji wani kaset ɗin Shata da na samo", wannan gayyata ce da ba ta zubar da girma. Mutanen Ostireliya sun gane haka tun shekarun 1990, da suka fara buɗe rumfunan da ake kira Men's Sheds, inda tsofaffin maza ke haɗuwa suna aikin kafinta da gyare-gyare. Hannu na aiki, hira na fitowa da kanta. A zauren su Baba, kaset ne ke yin aikin guduma da zarto.

Waƙa tana da wata fa'ida ta musamman. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abin da tsoho ya fi tunawa shi ne abin da ya faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa, kuma kiɗan wannan zamanin na tono shi cikin sauƙi. Ga mai shekara 74, wannan ya faɗo daidai lokacin da kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos ke cika rediyon Kaduna. Da an saka, wani zai ce a tashar Kafanchan ya fara jin wannan, wani ya ce ƙarya ne, a lokacin ba ta fito ba, sai gardama ta kaure. Wannan gardamar ita nake so. Mutumin da ya kwana shida ba wanda ya nemi ra'ayinsa, yau shi ake jira ya raba musu. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ƙungiyoyin masu sauraron rediyo da masu zaɓi-sonka sun daɗe suna ƙulla abota a Najeriya da Nijar.

Zaman ya fi amfani in ba a cika yawa ba, kuma ranar ba ta canzawa, domin wanda bai zo ba a lura a aika a duba shi. A riƙa ba kowa damar kawo tasa waƙar, a kashe rikoda tsakanin waƙa da waƙa a yi hira. Wanda ba ya son kiɗa saboda addini, rubutattun waƙoƙin wa'azi da na bege ma suna haɗa zama irin wannan.

Abu biyu nake so ki sa wa ido. Na farko kunne. Tsofaffi da yawa suna gudun taro ne don ba sa jin abin da ake faɗa, kuma suna jin kunyar yawan cewa "na'am?". In Baba na ƙure ƙarar rediyo, a kai shi a duba masa kunne, wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe. Na biyu, waƙa kan tono baƙin ciki. In ya dawo idonsa ya yi ja don ya tuna Mama, ba laifi ba ne. Amma in ya shafe sati biyu ko fiye ba ya cin abinci, barci ya gagara, yana ramewa, ko yana yawan cewa rayuwarsa ba ta da amfani, wannan ya wuce abin da zaure zai gyara, ku kai shi asibiti a duba ko ciwon damuwa ne.

Wayar da yayanki ya ambata ma tana da rana. Ya tura waƙoƙin, ya saya masa ƙaramar sifika, Baba ya riƙa tafiya da ita zauren ranar Asabar, tunda kaset ɗin nan sun tsufa kuma rikoda kan cinye su.