Kada ki bari a toshe barandar nan

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Gidan mahaifinku na 1957, kina son ƙara ɗaki biyu da bayi ba tare da ya sauya kama ba, magini kuma ya ce a toshe baranda a mayar da ita falo. Wallahi abin da aka gaya mini ke nan, ni kuma na yarda.

Namu a Garwa ta Kamaru yake. Kakanmu ya gina shi kafin 'yancin kai na 1960, zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da kaya idan damina ta yi. Bango mai kauri, rufi can sama, ga bulo mai huji-huji a saman kowane ɗaki. Maginin da na ɗauko ya ce duk tsohon yayi ne, ta nan ƙurar hunturu ke shiga. Na ba shi rabin kuɗi na tafi Ngaundere kwana tara.

Ranar da na dawo ba zan manta da ita ba. Ya farfashe bulon nan ya cike gurbin da siminti. Tagogin katako da Kaka ya sa aka yi, ya ciccire ya sayar wa mai ƙosai itacen wuta, bai tambayi kowa ba. Jan daɓen da muka yi rarrafe a kai ya bi shi da tayil. Na tarar da Inna zaune kan ɓaraguzai, riƙe da sakatar tsohuwar ƙofa. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "To ni yanzu ina zan shimfiɗa tabarmata?" Da na yi wa mutumin magana, ko kunya babu, ya ce ai ci gaba ya kawo mana. Har yau in na hango shi a kasuwa sai in sauya hanya. Na yafe kuɗin, amma tagogin nan sun tsaya mini a rai.

Sai Maris ya shigo, zafi ya haura digiri 40. A lokacin na gane barandar ce ke tare rana kafin ta bugi bango, hujin nan kuma ta nan zafi ke hawa ya fita. Ga shi maginin ya sauko da silin. In wuta ta ɗauke, yara sai tsakar gida, jikinsu duk ƙurajen zafi.

Don Allah ki yi ƙarinki ta baya, tsayinsa kada ya wuce na tsohon, a bi faɗin taga da gangaren rufi irin na da. A haƙa masa harsashinsa daban, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu, domin sabon gini sai ya zauna, tsohon kuwa ya gama zama tuntuni. Ni an sarƙe mini su da rodi, damina biyu tsaga ta fito tun daga sama har ƙasa. Kuma kafin komai ki tara 'yan'uwanki. Gidan gado ne, ƙanwata ta yi wata huɗu ba ta gaishe ni ba, kuma tana da gaskiya. Takardar izinin gini ma ki nema tun yanzu.

Wayoyin wuta da bututun ruwa kam a sauya su duka, ba a jin tausayinsu. A hau a duba katakon rufi ko gara ta ci. In rufin irin farantin simintin nan ne mai toka-toka, galibi akwai asbesto a ciki, kada a yanka ko a farfasa, ƙurarsa na lalata huhu. In kuma bangon na ƙasa ne, yaɓen siminti mai ƙarfi yana riƙe danshi, ya kumbura ya ɓamɓaro.

Kada ki yi tafiya ana aiki, kada ki biya sai an gama mataki kin gani da idonki. Duk ƙofa ko taga da aka cire a kulle ta a ɗaki, mabuɗin a hannunki. Ki faɗa mini, bangon naku na bulo ne ko na ƙasa?