Zama daura da suruki

Ɗana,

Na saurari saƙonka na WhatsApp har sau biyu. Ƙanwarka ce ta kunna mini, ita ce kuma ke rubuta wannan, in ka ga kuskure nata ne. Ka ce ka je gaida mahaifin yarinyar da kake nema, ya nuna tabarmar da yake kai ya ce bismilla, ka hau ka zauna. Daga baya sai ka ji innarka tana ta salati, wai ka zauna daura da Alhaji. Shi ne kake tambaya ina laifin, ba shi ya ce ka matso kusa ba?

Ya ce ka matso kusa, gaskiya ne. Sai dai kusa daban, daura daban.

Kusa kalma ce mai yalwa. Tibiri kusa take da Maradi, amma sai ka hau kabu-kabu kafin ka isa. Ɗan'uwanka na kusa yana iya zama a Kano shekara goma ba ku ga juna ba, bai fasa zama na kusa ba. Dab da ta fi ta matsewa, saura ƙiris a taɓa, shi ya sa take shiga maganar lokaci: dab da magariba, dab da salla, wasu su ce gab da. In ka ji an ce shagon tela yana jikin masallaci, to katangarsu ɗaya. Tsofaffinmu da suka ga ambaliyar 1945 kuwa cewa suke tsohon garin Maradi a bakin gulbi yake, har ruwa ya ci shi aka hauro tudu. Kowace da wurin da ake aza ta.

Ita daura (ba ɗaura ta ɗaurin aure ba, ko da yake ita kake nema, ba kuma Daura ta Bayajida ba) abu biyu ne a jere, gefe da gefe, babu na gaba babu na baya. Rumfa daura da rumfa a babbar kasuwa, gona daura da gona, wannan ba ya ta da hankalin kowa. Mutum daura da mutum fa? Kafaɗarka ta yi daidai da tasa, shimfiɗarku ɗaya, kuna duban waje guda. Wanda ya shigo zauren bai san ku ba zai ɗauka sa'o'in juna ne, ko abokan ciniki suna jiran a kawo musu shayi. Abin da innarka ta hango ke nan. Ba tazarar da ke tsakaninku ta auna ba, wanda ka mai da kanka ta duba.

Bismillar suruki kara ce. Nasa ya yi tayi, naka ka ƙi. Tun daga ƙofa za ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka yi gaisuwa, ka zauna ƙasa ta wajen gefe, ba tsaitin fuskarsa ba, kanka a sunkuye. In ya sake cewa ka hau, ka ce nan ma ya yi, Baba. Sai in ya matsa ƙwarai ne za ka ɗosana a bakin tabarma, ƙafafunka na ƙasa. Ka ga kana kusa, yana jin muryarka ko da raɗa ka yi, amma ba ka daura da shi.

Ni ma na sha wannan kashin. Ina saurayi na rako malaminmu na allo daga unguwar Limanci za mu wata jana'iza, hira ta yi daɗi, ban ankara ba na jera da shi muna tafe kamar abokai. Sai ya ja ya tsaya tsakiyar hanya, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, “Yau kai za ka ja ni, ko ni zan ja ka?” Bai ƙara komi ba. Na koma baya taki biyu, na karɓi buzunsa na riƙe, har muka dawo ban sake buɗe baki ba.

Wuri ɗaya na sani inda ake son daura ƙarfi da yaji, shi ne sahun salla. Can ɗan dako yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da mai tireloli goma, liman ma cewa yake a daidaita sahu, a toshe kafa. To ko can ɗin, in ku biyu ne kawai, malamanmu na Malikiyya sun koya mana mai bi ya tsaya dama da liman ya ɗan ja baya kaɗan.

Na san a Yamai kuna zama kujera ɗaya da malamanku na jami'a, har ku miƙa musu hannu tun ba su miƙo ba. Ban ce ku daina ba, can ne. Amma yarinyar nan ba a Yamai aka haife ta ba, ubanta kuma bai yi lakwal ba.

Kada ka je ba da haƙuri da baki, sai ka ƙara tona abin, ka sa shi jin nauyi. In ka zo hutu za mu koma tare ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Ni zan hau tabarmar, kai ka san inda za ka zauna. Ka zo da goro fari, kuma ka bar wandon nan naka mai matse ƙafa a gida, ba ya durƙusuwa.

Kawunka