Kuskuren Ma'aikata ne ko Lalacewa ce? Yadda Ake Tantance Tsohon Kwabo

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin kayan mahaifina, Allah ya jiƙansa, na tsinci kwabo na zamanin Turawa wanda hujinsa ya karkace, bai zauna a tsakiya ba. Akwai kuma sule ɗaya da gefensa ya yanke, kuma a fuskarsa ana ganin wasu haruffa a juye. An ce mini irin waɗannan kurakuran buga kuɗi ne masu tsada. Yaya zan gane gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi. Tambaya guda ce masu nazarin tsabar kuɗi suke fara yi wa kansu, wato shin injin ma'aikatar buga kuɗi zai iya haifar da wannan aibin, kuma a wane mataki? Idan babu matakin da zai iya haifar da shi, to bayan kuɗin ya shiga hannun mutane ne abin ya same shi, kuma wannan rage masa daraja yake yi.

Matakan ba su da yawa. Ana yanko ƙwayoyin ƙarfe masu da'ira daga falle, a ɗaga musu baki, sannan a danne kowace tsakanin hatimai biyu na ƙarfe, a cikin wani zobe da ke hana ta bajewa. Kamar yadda yake a wajen buga bulo, abin da ya lotsa a jikin hatimi shi ne yake fitowa a tudu a jikin kuɗi. Saboda haka idan hatimi ya tsage, layin da zai bayyana a kan kwabo a tashe yake, sumul, kuma za a same shi a wuri guda a kan sauran kwabban da wannan hatimin ya buga. Karcen wuƙa ko na ƙusa kuwa rami ne, kuma idan ka duba da gilashin ƙara girma za ka ga ƙarfen da aka ture ya taru a gefen ramin.

Kwabon naka yana da alamar sa'a. Kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila, irin su anini da ɗari da kwabo, da hujinsu aka yi su, kuma akan samu waɗanda hujin ya kauce ko ma babu shi gaba ɗaya. Hujjar da ke goyon bayanka ita ce, mai son yin algus sai ya fara toshe hujin asali kafin ya huda wani, kuma wannan aiki ba ya ɓuya. Ka ajiye kwabon kusa da wani lafiyayye irinsa, ka tabbatar faɗin hujin ɗaya ne, da'irarsa ta cika, launin cikinsa ya tsufa daidai da sauran jikin, sannan babu tabon dalma ko canjin launi a tsakiya. Huji na biyu a kusa da baki kuwa aikin maƙera ne, domin mata sun daɗe suna rataya sulalla a wuya da kitso, kuma dalar Mariya Tareza, tsohon kuɗin azurfa mai shekarar 1780, ta sha irin wannan huda a ƙasashenmu.

Sulen ne nake shakka a kansa. Yankewar gefe ta gaskiya tana faruwa ne tun lokacin yanko ƙwayar, kafin a buga ta, don haka haruffan da ke kusa da wurin sukan dushe a hankali suna malalewa zuwa giɓin, kuma sau da yawa bakin da ke ɗaya ɓangaren, daura da yankan, yakan fito da rauni. Wanda aka yanka da almakashin ƙarfe ko aka goge da zarto, haruffansa a cike suke har inda suka katse, bakin yankan yana da kaifi ko zanen goga. Haruffa a juye kuma suna iya zama kuskure na gaske, idan kuɗin da aka buga ya maƙale a hatimi ya danne na bayansa, amma a wannan hali ɗaya fuskar takan fito tsaf. Idan ka juya naka ka tarar bayansa ya baje ko ya lanƙwashe, to sulalla biyu aka haɗa aka daka da guduma. Haɗuwar aibi biyu mabambanta a kan kuɗi ɗaya, a ganina, ta fi nuni ga hannun mutum.

Ka kai su wurin masu sayar da zinariya a auna maka a ƙaramin sikeli. Kuɗin da aka buga a karkace nauyinsa cikakke ne, wanda ruwan batir ya ci kuwa yakan yi sirara, ya rage faɗi, zanensa ya yi dishi-dishi. Misalin da ya shahara na amfanin awon nauyi shi ne sentin Amurka na 1943. A wannan shekara da baƙin ƙarfe aka buga shi saboda yaƙi, amma 'yan ƙalilan sun fito da tagulla bisa kuskure, masu nauyin giram 3.11 maimakon 2.7. 'Yan damfara sukan shafa wa na baƙin ƙarfen ruwan tagulla, maganaɗisu kuma yana tona su nan take, wasu kuma sukan sassaƙe lambar 8 ta 1948 ta koma 3.

Kada ka wanke su da toka, tsamiya ko lemun tsami, domin gogewa tana share shaidar da mai tantancewa zai duba, tana kuma karya farashi. Ka naɗe kowanne daban a takarda, ka ɗauki hoton fuska da baya da baki a hasken rana, tare da nauyin da aka auna. Ko da kwabon ya tabbata kuskuren ma'aikata ne, farashinsa zai dogara ga yawan karkacewar hujin, da lafiyar zanen, da shekarar da ke jikinsa, da ƙaramin harafin ma'aikatar da ta buga shi, kamar H ko KN na Birmingaham.