Ƙanenka mai gyaran jirgin soja: kada ku yi gaggawar zuwa kotu

Wa alaikumus salam Malam, na karanta saƙonka. Ka ce ƙanenka ƙaramin soja ne mai gyaran jirgi, ya bi littafin gyaran da ke hannunshi, daga baya anka ce akwai wata takardar umarni da ta canza wannan mataki, jirgi ya samu matsala wajen sauka, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, yanzu an kafa kwamitin bincike. Kana son ku kai ƙara NCAA ko babbar kotun tarayya nan Sakkwato. Ban ga takardun ba, don haka abin da zan faɗa bisa labarinka ne kawai.

Batun NCAA ka cire shi daga ranka. Hukumar jiragen farar hula ce, dokarta ta 2022 ba ta mulkin jirgin yaƙi, ko yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ƙasashen duniya sunka ƙulla kan sufurin jiragen sama, ta ware jiragen soja gefe. Ƙanenka na ƙarƙashin Dokar Rundunonin Soja, ita za ta yi aiki a kanshi.

Inda na fi son ka natsu shi ne wannan zaton naka cewa tunda ƙa'idodin a warwatse suke to ba shi da laifi kenan. Gaskiya ne a warwatse suke, ka duba kawai jiragen da rundunar sama ke aiki da su, Super Tucano da sunka iso ta hannun Amurka a 2021, JF-17 daga Pakistan, Mi-35 na Rasha, F-7 na China, kowanne da littafin kamfaninshi da gyare-gyaren da ake aikowa lokaci-lokaci, a kan wannan ga umarnin hedikwata ga na sansani ga saƙon da kan zo da rana tsaka, yaro na iya riƙe da bugun bara alhali an canza shafi, kuma matuƙi ya dogara ne da sa hannun wannan yaron kafin ya tashi. Amma doka ba ta tambaya ko tsarin na da kyau. Abin da take tambaya shi ne, ya san umarnin, ko ya kamata a ce ya sani? In an liƙa shi a allo, ko an karanta musu, ko kuma ya sa hannu a rajista cewa ya gani, to maganar ruɗani ta yi rauni ƙwarai, mai yiwuwa sassauci kawai za ta sama mishi. In kuwa takardar ba ta taɓa isowa sashensu ba, lamarin ya canza, tambaya ta koma kan wanda aikinshi ne sabunta littattafan, wanda na lura har yanzu ba wanda ya ambace shi, kuma wannan ya ba ni mamaki.

Saboda haka ya rubuta ranar da ya yi gyaran, lambar bugun littafin da ya bi, wanda ya duba aikin bayanshi, ranar da sabuwar takardar ta fito. Kada ya ɗauki hoton takardun soja ya turo maka ta WhatsApp don Allah, wannan kaɗai na iya zama wani laifi da ya fi na farko nauyi.

Kotu kuma, sanannen abu ne soja sai ya gama bin matakan koke na cikin gida tukuna, ya fara daga kwamandanshi a rubuce, kuma kada ya yi jinkiri don wa'adin irin wannan koke gajere ne. In kunka tsallake, da wuya alƙali ya saurare ku. Kwamitin bincike ma ba shari'a ba ne, har yanzu ba a tuhume shi ba. In ta kai ga kotun soja yana da damar ɗaukar lauya na waje, kuma ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Ni dai shawarata a nemi ganin kwamandan cikin ladabi da koke a rubuce, a nuna mishi giɓin da kwanan wata, sau da yawa irin wannan na ƙarewa da gargaɗi ko ƙarin horaswa kan aiki, kodayake ba zan yi maka alkawari ba. Ka ce mishi ya samu lauya su zauna kafin ya ba da bayani a rubuce.