Tambayi Likita: Don me aka rage wa ɗana tacrolimus?

Tambaya: Likita, ɗana mai sikila ne, an yi masa dashen ɓargo a Indiya wata uku da suka wuce. Da aka ga alamar fangas a huhunsa sai aka ɗora shi a kan voriconazole, a ranar kuma aka rage masa tacrolimus daga miligiram 3 zuwa 1, safe da dare. Anya ragin nan ba zai ɓata dashen ba? (Wata uwa daga Kano)

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Tacrolimus magani ne da ke rage ƙarfin garkuwar jiki don kada sabon ɓargon ya yaƙi jikin yaron; voriconazole kuma maganin fangas ne. Ragin nan a kan ƙa'ida yake. Akwai wani sinadari a hanta da hanji, CYP3A4, shi ke narkar da tacrolimus. Voriconazole yakan danne wannan sinadari, sai tacrolimus ya riƙa taruwa a jini. Shi ya sa ake mayar da tacrolimus kashi ɗaya cikin uku tun ranar farko. Haka ake yi in posaconazole aka bayar, wani maganin fangas ɗin. Mai shan cyclosporine kuwa (wani magani mai aiki irin na tacrolimus) rabi ake rage masa in voriconazole ne.

Amma ragin kintace ne, awon jini ke tabbatar da shi. Ana ɗibar jinin awa 12 bayan shan na dare, kafin ya sha na safe. In ya riga ya sha, awon zai fito sama, a sake rage masa a banza. Galibi ana son awon tacrolimus a jini ya tsaya tsakanin 5 da 15 ng/mL (ma'aunin da ake rubutawa a takardar awon), gwargwadon tsarin asibitinsa, a kuma duba ƙoda da potasiyam da magnesiyam.

In tacrolimus ya yi yawa a jini za ki ga hannu na karkarwa, ciwon kai, hawan jini, fitsari ya ragu. Farfaɗiya ko ruɗewa, asibiti nan take.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ranar da aka daina voriconazole, ko ya ƙare ba a samu a kemis ba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu tacrolimus zai faɗi ƙasa, sabon ɓargon yana iya soma yaƙar jikin yaron: ƙuraje a tafin hannu, gudawa, ido ya yi rawaya. Kada a tsayar da voriconazole sai likitan dashen ya sani, ya ƙara tacrolimus.

Ban da garehul (wani irin babban lemo, grapefruit), ban da ibuprofen da diclofenac. In an ce za a ba shi rifampicin na tarin fuka, a kira likitan dashen tukuna, domin yana zubar da ƙarfin tacrolimus da voriconazole duka biyun.