Hoton ƙwaƙwalwa bayan tiyata da gashi: amsoshin likita

Tambaya daga Tudun Wada: Likita, an cire wa maigidana ƙari a ƙwaƙwalwa, ya yi gashi (wato gasa ƙari da hasken na'ura, radiotherapy) na mako 6 yana shan maganin ƙarin mai suna temozolomide. Wata 2 da gamawa, hoton MRI ya nuna farin wurin ya ƙara faɗi. Ciwon ne ya dawo?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Hoto ɗaya ba ya yanke wannan hukunci. Farin da kika gani ruwan gadoliniyom ne da ake sa wa mutum ta jijiya kafin ɗaukar hoto, yana taruwa duk inda bangon ƙananan jijiyoyin jini ke yoyo. Ƙari na sa su yoyo, gashi ma na sa su yoyo. Shi ya sa a watanni 3 na farko bayan gashi wurin kan yi kamar ya girma, alhali kumburin magani ne, daga baya ya tsaya ko ya lafa. Likitocinsa za su duba ko sabon farin yana cikin yankin da aka gasa ko a wajensa, da yadda jikinsa yake, sannan a sake hoto bayan wasu makonni. Akwai kuma MRI mai auna gudun jini: ƙari mai rai na jan jini da yawa, naman da gashi ya kashe kuwa kaɗan. Amma in ya fara jijjiga, ko amai da ciwon kai mai tsanani, ko hannu ko ƙafa ta mutu, kada a jira ranar asibiti.

Daga Samaru: Na yi hoto a Kano, zan ga likitana a Shika. Takardar sakamako ta wadatar?

Malam, ba ta wadatar ba. Ka taho da faifan hotunan duka, musamman wanda aka ɗauka cikin awa 72 bayan tiyata, domin da shi ake gwada waɗanda aka ɗauka daga baya. Bayan wannan lokaci warkewar rauni kanta na yin fari. Ka faɗi adadin dexamethasone da kake sha, don yana rage kumburi da farin har hoto ya yi kyau fiye da gaskiyarsa. Kuma don Allah kada ka daina shan sa kwatsam.

Daga Sabon Gari: Mahaifiyata na da ciwon ƙoda, za a iya yi mata allurar hoton?

A fara gwajin ƙoda. In aikin ƙodar ya yi ƙasa ƙwarai, likitan hoto zai zaɓi nau'in ruwan da ya fi aminci, ko a ɗauki hoton ba allura.