Ina gawa ina soyayya? Tambaya kan littattafan sojojin da aka taso daga mutuwa

Tambaya: Salam Malam. Ni ma'abociyar karanta littattafan matasa ce na Turawa, irin waɗanda duniya ta lalace gwamnati ta koma ta zalunci zalla. Kwanan nan na karanta wasu da yara ke mutuwa sai su farfaɗo a mayar da su sojoji, daga baya su yi tawaye. Abin da ke ɗaure min kai shi ne soyayyar da ake sakawa a ciki, gawa ce fa, ina ita ina soyayya? Anya ba don littafin ya shiga kasuwa ake cusa ta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Zancen kasuwa kam akwai shi, tun da The Hunger Games na Suzanne Collins ya fito a 2008 ya samu karɓuwa, sai Divergent na Veronica Roth ya biyo a 2011, kamfanonin ɗab'i suka yi ta neman labarin budurwa jaruma da azzalumar gwamnati da saurayi a gefe, wasu ma samari biyu. Amma in dai labarin sojan da ya mutu ya taso ne, ni a ganina soyayyar tana da aikin da take yi, sai dai in marubucin ne bai iya ba.

Sai mun koma inda zombi, wato mamacin da aka taso, ya samo asali kafin ki ga dalilina. Ba daga fim ya fara ba, daga Haiti ne, ƙasar da Faransa ta cika da bayin da aka kwaso daga Afirka suna noman rake har suka yi tawaye a 1791 suka samu 'yanci a 1804. A camfin mutanen can, boka kan taso da mamaci ya sa shi bauta a gona, ba ya magana ba ya musu ba ya tuna ko shi wane ne, wato abin tsoron shi ne ko mutuwa ba ta raba mutum da bauta ba. Lokacin da Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934 ne labarin ya tsallaka, aka yi fim ɗin White Zombie a 1932. Wannan mai cin naman mutane da kowa ya sani yanzu daga baya ya zo, fim ɗin George Romero na 1968 ne ya kafa shi.

To littattafan da kike karantawa na farkon suka ɗauko, bawan nan, sai suka karɓe lauje suka ba shi bindiga. Duk mai mulkin danniya burinsa kenan, sojan da ba ya jin tsoro ba ya jin tausayi ba shi da uwa balle ƙanwa da zai tuna in an ce ya harbi taron jama'a. Kuma ba tatsuniya ce tsagwaronta ba, a yaƙin basasar Saliyo na 1991 zuwa 2002 da kuma ƙungiyar madugun 'yan tawaye Joseph Kony a arewacin Uganda an sace yara an sa su aikata ta'asa, wani lokacin a kan danginsu, don kawai kar su samu inda za su koma. Marubucin labari sai ya ɗauki wannan ya ce bari ya zama mutuwa ta zahiri.

A camfin na Haiti an ce kar a kuskura a ba zombi gishiri, yana ɗanɗana zai farka ya gane halin da yake ciki. Aikin gishirin nan soyayya ke yi a labarin. Gwamnati ta gaya wa jarumar labarin cewa ke makami ce, ita ma ta yarda, jama'ar gari suna gudunta, to me zai sa ta ƙi bin umarni? Huɗubar 'yan tawaye ba za ta shige ta ba tunda an horar da ita kan kashe su. Sai ran da aka ce ta kashe wani ɗaya tak da ta saba da shi ta ji hannunta ya ƙi. Amy Tintera a littafinta Reboot na 2013 ma lissafi ta yi wa abin, gwargwadon daɗewarka a mace gwargwadon raguwar mutuntakarka, jarumar ta yi minti 178, yaron da ta zaɓa ta horar minti 22 kacal ya yi shi ya sa har yanzu yake dariya yake tambayar dalilin kowane umarni, kuma daga nan tawayenta ya faro.

Inda nake goyon bayanki shi ne marubuta da yawa ba sa nuna wahalar da ke tattare da abin. Za a ce mana yarinya ba ta jin komai shekara biyar, sai saurayi ya yi murmushi a babi na uku shikenan ta narke, mutanen da ta kashe a baya kuwa ba wanda zai sake tada zancensu. Wannan ha'inci ne, in zuciya ta dawo ai da nadama za ta dawo, da mafarkin fuskokin waɗanda ta kashe, ba daɗin kaɗai ba. Haka tawayen ma, 'yan shekara 16 guda goma su kifar da gwamnati a babin ƙarshe, alhali bayin Haiti sai da suka shekara 13 ana zubar da jini.

In kin ɗauki na gaba ki gwada cire saurayin a ranki ki gani. In har yarinyar za ta gudu daga barikin a daidai wannan lokacin kuma saboda wannan dalilin, to cusa shi aka yi kamar yadda kika zarga. In kuwa babu shi za ta ci gaba da harbi har shafin ƙarshe, marubucin ya san abin da yake yi, sai ki duba ko ya bar ta ta fuskanci iyalan waɗanda ta kashe ko kuwa ya wanke ta kyauta.